Jarar da Khalidu Ya Karɓo a Adum

Babu wanda ya naɗa Khalidu injiniya a duk faɗin Zongon Kumasi. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya sayi ɗan sukurdireba mai kai shida ya soke a aljihun gaba kamar biro. Tun daga ranar duk abin da ke da waya a jikinsa ya shiga uku. Ya taɓa buɗe rediyon Baba Issifu, dattijon layinsu, wai zai ƙara mata murya, ya rufe ta da ragowar sukurori uku a tafin hannunsa yana cewa masu ƙera ta ne suka yi almubazzaranci. Rediyon ko tari ba ta sake yi ba. Amma in ka ji shi yana ba da labarin, sai ka rantse kamfanin ne ya aiko a yi masa godiya.

Majalisar samarin layin, wadda suke ce wa bes, benci uku ce a ƙarƙashin rumfar kwano. Abu biyu suke taƙama da su. Na farko kwamfutar wasan ƙwallo da suka yi karo-karo suka saya ta hannu. Na biyu butar ataya ta Alidu mai walda, shuɗiya, gefenta a lotse, murfinta ɗaure da waya. Mahaifin Alidu ne ya zo da ita daga arewa lokacin da ya shigo Kumasi aikin gadi, ya shekara talatin yana dafa shayi a cikinta. Da ya rasu ba a yi rabon gado ba, don babu abin rabawa. Butar kawai Alidu ya ɗauka, kuma kullum bayan la'asar shi ke hura mata gawayi da hannunsa, ba ya yarda wani ya wanke ta.

Wata ranar Asabar Muniru, shugaban bes ɗin Asokore Mampong, ya biyo ta layin a kan babur. Ya tarar da Rafi'u, gwanin wasan bes ɗin, yana fama da sabon wasan ƙwallo da suka saka. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga, sai ya daskare a haka, ya daɗe, sannan ƙwallo ta bayyana a bayan raga ba wanda ya ga tafiyarta.

Muniru ya kashe babur ya ce, "Chale, abokaina, wasa kuke yi ko hoton biki kuke ɗauka?"

Khalidu ya miƙe ya taɓa sukurdirebansa. "Ram ne kawai. Ka ba ni sati biyu. Abin da zan sa a cikin kwamfutar nan, in ka ƙifta ido an tashi wasa."

"To kashegarin Sallah za mu zo da namu gwanin. Ka san doka. Masu gida ke kawo kwamfuta, in ta mutu sau uku gida ya faɗi. Mu mun sa babbar sifikarmu. Ku me kuka sa?"

Khalidu ya waiga hagu ya waiga dama. Bai ga komai nasa ba, don ba shi da komai a bes ɗin sai baki. Idonsa ya sauka a kan kurfoti, murhun gawayin da ake ɗora butar.

"Butar nan."

Suka kama hannu, Muniru ya kira Baba Issifu ya raba hannun a gaban shaidu, magana ta ƙullu. Alidu ya tafi sayo gawayi a lokacin. Da ya dawo aka gaya masa, sai ya ajiye ledar a hankali ya dubi Khalidu.

"Butar wa ka sa?"

"Bra Alidu, kwantar da hankalinka. Ko tururinta ba za su shaƙa ba."

Alidu zai iya cewa bai yarda ba. Amma maganar da dattijo ya raba wa hannu, in aka janye ta, duk layin ne zai riƙa sunkuyar da kai har Sallah ta zagayo. Ya daɗe yana kallon butar, ransa a ɓace ƙwarai, sannan ya ce, "Khalidu, ubana bai bar min komai ba sai ita." Khalidu ya daki kafaɗarsa yana dariya, ya ce ya fara neman inda za a rataye sifika.

'Yan bes suka sake karo-karo suka damƙa masa kuɗin. Da safe ya tsaya wajen Hajiya Azaratu mai shinkafa da wake, inda ya tarar da ƙanwarsa Latifatu a layi. Ita Latifatu karatun kwamfuta ta yi na gaske, kuma a wani shagon gyaran kwamfuta take aiki a Kwadaso. Wannan ne babban laifinta a wurin yayanta.

Ta ce, "Bra Khalidu, na ji abin da ka jawo. Me za ka saya?"

"Mai sauri. Mafi sauri a kasuwar Adum."

"Matsalarku ba sauri ba ce. Wuri ne ya yi kaɗan." Ta nuna masa teburin Hajiya. "Ram kamar teburin nan yake. A kansa kwamfuta ke baza abin da take aiki da shi. Naku giga takwas ne, sabon wasan nan kuwa sha shida yake so. In teburin Hajiya bai ɗauki taliya da ganda da yajin shito ba, duk wanda ya zo sai ta shiga gida ta ɗauko. Komai saurin hannunta, layi tsayawa zai yi. Tsayawar nan ita kake gani a allo."

Hajiya Azaratu ta ce, "Gaya masa, 'yar nan."

"Ka sayi tagwaye iri ɗaya, takwas-takwas, marasa ado. Kuɗin hannunka ya isa. Kuma allon cikin kwamfutarku ba ya wuce gudun dubu uku da ɗari biyu, ko me ka kafa masa."

Khalidu ya yi murmushin tausayi. "Lati, ranar da aka haife ki ni aka aika sayo sabulu. Ke za ki koya min ram? Wa ya taɓa cin tsere saboda faɗin tebur?"

Aka zuba masa nasa. Ya tsaya, kwano a hannu, bai matsa ba. Kowa a layin ya san abin da yake jira: jara, ɗan ƙarin da mai sayarwa ke ɗorawa a kan abin da ka saya. Kowa a Zongo yana neman jara, amma na Khalidu ya zama ciwo. Ya taɓa neman jara a wurin mai allurar rigakafi.

"Hajiya, ina jarata?"

"Na sa."

"Ban ga saukarta ba."

Ta watsa masa rabin cokali don layi ya motsa. Ya juya ga Latifatu yana ɗaga kwanon. "Kin gani? Wannan ba a koyar da shi a makaranta."

Ya hau trotro, motar haya, zuwa Adum da tsohon ram ɗin kwamfutar a aljihu, naɗe cikin hankici. A wani ɗan shago a saman bene, mai shagon, wani Ba'asante mai Hausar kasuwa, ya ji bayaninsa ya ajiye masa korayen sanduna biyu marasa ado.

"Masa, maigida, wannan ne maganinka. Sha shida."

Khalidu ko kallonsu bai yi ba. Idonsa yana kan wani guda ɗaya a cikin gilashi, baƙi, mai dogon tukku kamar na zakara, fitilu suna yawo a jikinsa ja da kore.

"Wancan fa?"

"Dubu huɗu da ɗari huɗu yake gudu. Amma giga takwas ne kawai, kuma ya fi tsada. Wace irin kwamfuta gare ka?"

"Irin wadda ba ka taɓa gani ba."

Kuɗin bai kai ba, sai ya ɗora tsohon ram ɗin a kai aka yi musaya. Wato ya shiga shagon da giga takwas, zai fita da giga takwas, kuɗin bes kuma sun zama fitila. Aka sa masa a leda. Ya tsaya bai matsa ba.

"Ina jarata?"

Mai shagon ya ɗauka wasa ne. "Masa, ba tumatir na sayar maka ba."

"Ni ɗan Zongo ne. Ko allura na saya sai an ɗora min zare. To so, ɗan'uwana, ɗora."

Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo shiga sai ya tare shi ya ba shi labarin rowar mai shagon. Mutum uku suka juya. Da aka doshi awa biyu, mai shagon ya jawo wata durowa da yake zubar da tarkace, ya tono wata tsohuwar sandar ram mai giga huɗu da aka ciro daga kwamfutar wani ofis, ya hure ƙurarta ya miƙa masa.

"Ga jara. Amma ina roƙonka, kada ka haɗa su wuri ɗaya."

Khalidu ya sauko benen yana dariya. A ganinsa baƙin ciki ne kawai irin na ɗan kasuwar da aka fi wayo.

Ya iso bes bayan la'asar kamar mai dawowa daga Hajji. "Ana ta gardama, sauri ko yawa, sauri ko yawa. Ni na haɗo duka biyun. Takwas mai gudu, huɗu kyauta. Ku gaya wa Lati sha biyu ke nan."

Aka kwantar da kwamfuta a kan benci, ya buɗe cikinta. Jarar ta shiga lafiya. Mai tukkun kuwa ya ƙi, don tukkun yana tokarar fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ya danna, ya karkata, ya yi bismilla ya sake dannawa. Daga ƙarshe ya zaro sukurdireba ya kwance fankar ya ajiye a ƙarƙashin benci.

Rafi'u ya ce, "Wannan fa ba ta da aiki?"

"Tsofaffin ram ake yi wa fifita. Wannan ba ya tsayawa wuri ɗaya balle ya yi zafi."

Duk da haka ya aika aka aro fankar tsaye ta Wahab mai aski, aka saita ta a bakin kwamfutar, aka bar cikin a buɗe. Ya kunna. Fitilu suka kama yawo, ja, kore, shuɗi. Matan gidan da ke kallon rumfar suka leƙo, wata ta tambaya ko bikin wa ake yi. Khalidu ya harɗe hannu yana karɓar barka.

Rafi'u ya matsa kusa da allo ya karanta. "Bra, nan an rubuta dubu biyu da ɗari ɗaya da 'yan kai."

"To?"

"Tsohon namu da ka bayar dubu biyu da ɗari huɗu yake yi."

Abin da mai shago ya so gaya masa ke nan: in ka haɗa ram biyu, dukansu tafiyar mai nawar suke yi, kamar mai rakiyar kakarsa zuwa Idi. Khalidu ya share goshi ya ce sabon abu ne, ko sabon babur sai an lallaɓa shi. Ya shiga wurin saiti ya rubuta dubu huɗu da ɗari huɗu da hannunsa. Allo ya yi baƙi. Kwamfuta ta yi ƙara sau uku ta yi shiru, fitilun kuwa suka ci gaba da rawarsu, ko a jikinsu.

Ya zagaya bayan rumfa ya kira Latifatu, murya ƙasa-ƙasa. "Lati, wani abokina ne a Tamale, kwamfutarsa ta ƙi tashi bayan ya taɓa saiti."

"Ka ce wa abokin naka ya cire ƙaramin batirin da ke kan allon ciki ya mayar. Sannan ka ce masa ya cire jarar da ya karɓo a Adum, duk Zongo an ji."

Rabin farko na shawarar kawai ya ɗauka. Kwamfuta ta tashi, ya yi ta rage lambar har ya sami inda take kunnuwa da ƙyar. Aka buga wasa na minti biyar bai mutu ba, nan take ya kashe ya kafa doka: ba wanda zai sake taɓa ta sai ranar, kada a gajiyar da ram. Ya kinkime ta ya kai ɗakinsa ya sa kwaɗo. Alidu da kansa ya je har gida ya roƙi Latifatu ta duba, ta zo da ram ɗin aro daga wurin aikinta, Khalidu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce aikin injiniya biyu ba ya haɗuwa a inji ɗaya.

Kashegarin Sallah aka kafa kanofi a layin. Mutanen Asokore Mampong suka zo cikin pragiya huɗu, wato babur mai ƙafa uku, da sifikarsu. Aka ɗora sifika da buta a kan tebur ɗaya a gaban Baba Issifu. Alidu ya zauna a ƙarshen benci. Khalidu kuwa farar shadda ya sha, sukurdireba a aljihu, ya yi jawabin da ya fi huɗubar Idi tsawo, sannan ya sanar cewa da kwamfutar za a watsa wasan kai tsaye, don 'yan Zongo na ƙasashen waje su ga aikinsa.

Latifatu, da ke tsaye cikin mata, ta ce, "Teburin da bai ɗauki shinkafa ba ka ƙara masa tukunyar miya."

Aka fara. 'Yan wasa suna tafiya suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa. Duk da haka Rafi'u gwani ne, ya jefa ɗaya. A minti na ashirin ya sake yanke masu tsaron baya, ya rage daga shi sai gola, sai allo ya koma shuɗi fes.

Baba Issifu ya ɗaga yatsa. "Ɗaya."

Khalidu ya ce wutar lantarki ce ta yi rawa. Wahab ya ce fankarsa a soket ɗaya take kuma ba ta ji komai ba. Aka sake kunnawa, aka ci gaba daga ci ɗaya da nema. Ana cikin haka maɓallin wuyan fankar ya saki, ta fara waige-waige, ta hura kwamfuta ta juya ta hura Hajiya Azaratu. Khalidu ya rungume wuyanta ya tsaya a haka, shadda tana kaɗawa. Baƙi suka rama ɗaya, Rafi'u ya ƙara ɗaya. Murna ta ɗebi Khalidu ya saki fanka ya ruga gaban kyamara yana nuna ƙirjinsa. Kafin ya gama faɗin sunansa warin roba ya tashi, kwamfuta ta ɗauke.

Baba Issifu ya ce, "Biyu."

Gumi ya karyo wa Khalidu. Latifatu ta ratsa mutane ta zo har gaban benci, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Bra Khalidu, Rafi'u yana gaba da ci biyu da ɗaya, saura kaɗan a tashi. Ka kashe watsawar nan. Ka mayar da saiti yadda yake. Ka cire jarar, ita ce ba ta jure gudun da ka ɗora mata. A bar ta ta huce, za ta rarrafa ta kai ƙarshe."

Alidu ya taso. "Khalidu, don Allah ka ji maganarta."

Khalidu ya dubi taron, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi 'yan Asokore Mampong da ke danne dariya. Watsawar ya kashe, don ba ya son 'yan ƙasashen waje su ga sauran. Amma ya dafe kwamfutar da hannu biyu.

"Abin da na yi awa biyu a kan kujera kafin a ba ni, shi zan cire? Kyauta fa aka ba ni. Wa ya taɓa mayar da jara a Zongo? Matsalar ma gudun ne bai isa ba."

Ya shiga saiti ya ƙara lambar. Kwamfuta ta tashi, abin mamaki, ya juyo yana murmushi. Aka buga minti ɗaya da rabi. Ƙwallo tana sama, gola ya yi tsalle, allo ya yi shuɗi.

Baba Issifu bai ma ɗaga yatsa ba. "Uku. Allah Ya jiƙan rediyona, yau ta sami 'yar'uwa."

Layin ya kaure da ihun baƙi. Rafi'u ya ajiye abin wasan ya tafi bai waiwayo ba. Hajiya Azaratu ta ce daga yau ko ƙwayar wake ɗaya Khalidu ya nema a kan kwanonsa sai ta kira masa 'yan sanda.

Alidu ya ɗauki butar ya je bakin famfo. Ya wanke ta ciki da waje, ya goge da gefen rigarsa, ya gyara wayar murfin. Kowa ya san ta wa ce, kuma kowa ya ji tausayinsa. Ya kawo ta ya sa a hannun Muniru.

"Ga ta. Ba a sa mata sabulu, kuma ba ta son wuta mai yawa." Sannan ya juya ya damƙi wuyan hannun Khalidu da hannun walda. "Amma mu nan ba ma ba da kaya babu jara. Ga jararka. Shi ya sa ta a caca, shi zai bi ta. Kullum bayan la'asar yana bes ɗinku, ya hura gawayi, ya wanke kofuna."

Baba Issifu ya gyaɗa kai. "Haka ne. Kuma yanzu muka ji daga bakin injiniya, ba a mayar da jara a Zongo. In ka ɗauki kaya ka ɗauka da ita."

Muniru yana dariya ya dubi Latifatu. "Sista, jarar nan tana aiki?"

"Tana kunna fitila."

Khalidu, wanda ya yi tsuru-tsuru tun ɗazu, sai ya ji an ambaci aiki. Ya gyara wuyan shaddarsa ya zaro sukurdireba.

"Ba komai, zan je. Dama na daɗe ina son in buɗe kwamfutarku, Muniru. Daga jin ƙararta na san ram ɗinta yana buƙatar hannu. Har sifikar nan ma akwai abin da zan ƙara mata."

Dariyar Muniru ta tsaya. Ya dubi sifikarsu, ya dubi sukurdireban, ya dubi mutanensa, waɗanda duk suke girgiza masa kai. A hankali ya mayar da butar kan kurfotin Alidu, ya ja da baya taku biyu.

"Bra Alidu, riƙe butarka. Mun yafe."

Suka ɗora sifikarsu a pragiya da sauri, biyu daga cikinsu suna kare ta da jikinsu har suka fita layin.

Alidu ya hura gawayi ya ɗora ruwa. Khalidu ya zauna a tsakiyar benci ya miƙe ƙafa.

"Me na gaya muku tun farko? Na ce ko tururinta ba za su shaƙa ba."

Ataya ta nuna, Alidu ya zuba wa Baba Issifu, ya zuba wa Latifatu, ya bi kowa da kofinsa har Wahab da ke tattara gawar fankarsa. Khalidu ya miƙo hannu. Alidu ya tsallake hannun, ya juye sauran a kofin kansa, ya rufe butar ya sa ta a tsakanin ƙafafunsa.